Damtsen Dije

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai ɗori ba wani aiki ba ne, a ja hannu, a jera kara, a naɗe da tsumma, sai a miƙo wa maɗori goro. Ban tanka ba, don a lokacin bakina cike yake da tuwo. Yau da na ƙoshi, ku gyara zama. Na haura shekara hamsin ina wannan sana'a a zauren nan na Bolari, kuma jera karan da kuke rainawa cikin mako guda na koye shi. Sauran ne har yanzu ban gama koyo ba.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba. Karan dawa busasshe, a fere shi daidai tsawon gaɓar da ta karye, a saƙa da zare kamar ɗan asabari. In cinya ce ko ƙwauri, kara ba ya iyawa, sai tsagin gora. Sai auduga, da tsohon zane mai laushi da aka wanke aka yayyaga, da man shanu, da ruwan ɗumi a ƙwarya, da addu'ar da Baba ya karɓa daga nasa uban tun suna ƙasar Katsina, kafin neman abinci ya kawo su Gombe. Auduga kam ba mu taɓa nema mun rasa ba, a garinta muke. Ko bakin hanya ka fita inda manyan motoci ke wucewa, za ka tsinci cikin hula. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne, aikin a yatsu yake.

Baba bai bar ni na taɓa ɗan Adam ba sai da na shekara biyu ina ɗora awaki da kaji. Yakan karɓo ƙashin rago wurin mahauta, ya naɗe shi cikin tsumma mai kauri, ya karya ba na gani, ya miƙo min ya ce in laluba in faɗa masa yadda ya karye: a gicciye ne, a karkace ne, ko tsagewa ce kawai. In na kuskure sai ya karɓe abinsa ya ce, "Waɗannan yatsun naka, Sale, don loma Allah ya yi su." Shekarar da ƙasar nan ta sami mulkin kai ita ce shekarar da ya fara bari in ja hannun mutum shi yana zaune yana kallo. Ita ce kuma shekarar da na auri kakarku Goggo.

Kowace faɗuwa da irin karayarta. Yaron da ya faɗo daga kan mangwaro a wuyan hannu yake karyewa, don hannu yake tarar ƙasa da shi. Harbin jaki a ƙwauri yake sauka. Da jirgin ƙasa ya iso Gombe muka fara samun leburori masu ƙashin kafaɗa, buhu ya zame masu daga kan tarago. Mutum ko bai buɗe baki ba, in na ɗora yatsu zan gaya masa ta wane gefe ya faɗi.

Akwai kuma karayar da bishiya ba ta yi, jaki ba ya yi. Ranar da Baba ya koya min ita, karan rake ya ɗauko. Ya karya ɗaya a gwiwarsa, ya rabu biyu a gicciye. Ya kama wani da hannu biyu ya murɗa, ya tsage a karkace kamar igiya. Ya ce in na ji irin wannan a damtsen yaro, ko a cinyar jaririn da bai fara tafiya ba, to hannun babban mutum ne. Ya ce in shafa haƙarƙari kamar ina lallashi. In na ji ƙulli nan, ƙulli can, tsohuwar karaya ce da ta haɗe da kanta ba wanda ya kai wa kowa, wato ba yau aka fara ba.

Yadda Baba ke bi da irin wannan, ba ya taɓa tambayar wa ya yi. Sai ya ce, "Wa zai riƙe min shi?" Ya zuba ido ya ga inda yaron zai nufa. Ya ce wanda yaro ya gudu wurinsa, shi ne mutuminka a gidan. Da shi za ka keɓe ka yi magana a hankali bayan kowa ya watse. Sau da yawa na ji yana ce wa uban yaro, fuska ba yabo ba fallasa, wannan ƙashin jinyarsa sai a gidan kakarsa, don yana son wurin da ba hayaniya. Uban ya san abin da ake nufi, Baba ya san ya sani, kowa ya tashi da mutuncinsa, yaro kuma ya sami kwana arba'in ba mai ɗaga masa hannu. Wani lokacin kwana arba'in ɗin nan sai ya zama shekaru.

Yaran da aka karya a gida na ga da yawa, ban taɓa ƙirgawa ba. Wasu sun tashi lafiya har sun kawo min nasu 'ya'yan da targaɗen ƙwallo. Wasu an dawo da su sau biyu, sau uku, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba. Kuma ba girman karaya ke raba waɗannan da waɗancan ba. Na ɗora yaron da aka karya wa cinya, ya girma garau, don kakarsa ta zo ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gidan ta ce ba inda za ta, uban kuma yana jin nauyinta. Na ɗora wanda ɗan yatsa ɗaya kawai aka karya masa, amma gidansu ba mai shiga ba mai fita, ya zama magidanci bai iya haɗa ido da mutum ba. Talauci yana da hannu a ciki, ban musa ba, amma na ɗora 'ya'yan masu gidan bene su ma. In an kawo yaro ranar da abin ya faru, hankalina yakan kwanta kaɗan, don akwai mai tausayi a gidan kuma ana jin maganarsa. In kuwa maɗori ya kunyata mai gida a bainar jama'a, ya rufe wa kansa ƙofa, gobe wurin wani za a kai yaron, ko a bar shi a ɗaki.

Duk wannan na san shi tun Baba yana raye. Sanin bai hana ni yin abin da zan ba ku labari ba.

Baba ya rasu bayan an gama yaƙin basasa. Shekarun da suka biyo baya su ne kuke ji ana cewa kuɗin mai sun shigo. Gaskiya sun shigo, malamin makaranta ma ya sayi babur, ni kuma na sha karayar babur har na gaji. Amma a daidai lokacin ne aka yi fari a karkara, shanu suka zube, mutane suka kwararo cikin gari. Bolari ta cika da gidajen haya, ɗaki ɗaya iyali guda, maƙwabcinka bai san sunan ubanka ba. A da in aka ji kukan yaro ya yi yawa a wani gida, akwai tsohuwar da za ta ɗauki mayafi ta shiga ba sallama. A gidan haya kowa baƙo ne, kowa ya ja labulensa. Waɗannan su ne shekarun da suka fi muni a wurina, ga aiki ga goro, amma ban taɓa jin murɗaɗɗiyar karaya da yawa kamar lokacin ba.

Wata Laraba da hantsi, da mutum uku a zauren nan suna jira, cikinsu har da wani ɗan kamashon tasha mai targaɗe, sai wani dogon mutum ya yi sallama, sanye da tsohuwar rigar soja. Ya ce sunansa Kofur Manu, gadi yake yi a wani siton auduga. Yarinya 'yar shekara bakwai tana biye da shi, hannunta na dama a rataye cikin ɗankwali. A bayansu wata mace ce siririya da goyo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya fuskarta waje.

"Malam, yarinyar ce ta faɗo daga kan turmi," in ji shi. "Shekaranjiya."

Na ɗora yatsu a damtsen. A karkace yake, murɗewa ce sosai. Na shafa haƙarƙari na ji ƙulli biyu. Sai na yi yadda aka koya min, na ce, "Wa zai riƙe min ita?"

Kofur ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa ya ce, "Dije, zo." Kafin ya rufe baki ta je ta zauna a cinyarsa ta sunkuyar da kai. Ko kallon matar da ke bakin ƙofa ba ta yi ba. Matar ita ma ba ta juyo ba. Na shafa man shanu, na yi addu'a, na ja. A zauren nan na ga ƙato mai gemu yana kiran uwarsa in na ja irin wannan jan. Yarinyar nan ko uffan, gumi kawai ke tsattsafo mata a goshi. Na ɗaga kai na ga uwar tana wasa da bakin mayafinta tana kallon masu wucewa a titi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata ai ba sai an yi bincike ba, yarinya ta zaɓi ubanta, uwa kuma ko a jikinta. Na gama jera kara na ɗaure, sannan a gaban mutanen nan duka na ce, "Ke baiwar Allah, turmi ba ya murɗa hannu. Ki ji tsoron Allah. 'Yar cikinki ce fa, ki yi mata wannan aika-aika, sannan ki tsaya kina kallon titi?"

Mayafi kawai ta ja ta rufe fuska. Kofur kuwa miƙewa ya yi. Ya ajiye goro, ya yi godiya, na ce a dawo da ita bayan kwana bakwai a kwance a duba, suka tafi. Wanda ya san ɗan kamasho ya san kafin azahar duk tasha ta ji, kafin la'asar duk Bolari.

Da na shiga gida cin abinci, ashe Goggo ta ji komai ta bayan ƙofa. Kun dai san kakarku Bafulatana ce. Ta ce, "Malam, ka tambaya ko yarinyar nan ita ce ta fari?"

Na ce, "Me ya haɗa wannan da karaya?"

Ta ce, "Da za su fita na ji uwar tana ce mata Adda, wato yaya, irin kiranmu na Fulani. 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta kallonta gaban maza, balle ta ɗora ta a cinya a zauren wani. Ko ranta zai fita, sai dai ta kalli titi."

Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba ne, uwata ma ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Amma tamu ta cikin gari, in ciwo ya zo akan ajiye ta gefe, sai na ɗauka ta kowa haka take. Na ce wa Goggo su mata dama ba sa ganin laifin junansu. Ta dire min kwanon abinci da ƙarfin da ya fi na kullum, ta koma madafa.

Ranar kwancewa ba Kofur ne ya kawo Dije ba. Wata mata ce mai jiki, 'yar ƙasar Tangale, Kirista, ana ce mata Maman Rifkatu, ɗakinta na manne da nasu a gidan haya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Malam, kai ne ka kori matar nan Habiba."

Na ce, "Ni? Ina na kore ta?"

Ta zauna ta zayyana min. Kofur kwana yake yi a wurin gadi, ya dawo da safe ya kwanta, ɗaki kuma ɗaya ne. In wani abu ya yi ƙara ya farka, zabura yake yi ya damƙi duk abin da ke kusa. Don haka kullum Habiba takan kwashe yaran tun safe ta zauna da su a ƙofar Maman Rifkatu har azahar, rana ko ruwa. Ranar da abin ya faru Habiba ta tafi layin famfo, Dije ta shiga ɗaukar zanen goyo, kwano ya suɓuce mata. Maman Rifkatu ta ce, "Bangonmu bai kai rufi ba, Malam, komai ina ji. Sau nawa matar nan tana shiga tsakani ana sauke mata a baya? Yanzu da maganarka ta zagaye unguwa, ya yi mata saki ɗaya, ta tafi ƙauyensu da jaririn. Wannan kuma ya ce tasa ce. Ni ina zuwa kasuwa, ba kullum nake gida ba. Wa zai riƙa fitar da ita?"

Na kwance ɗaurin. Tsumman ya yi baƙi da toka, kara biyu sun karye. Da hannu ɗaya yarinyar ke shara da ɗebo ruwa tun da uwar ta tafi, ƙashin kuma ya goce daga inda na ajiye shi. Ina cikin mayar da shi, yatsuna a kan damtsen, sai ga sallamar Kofur daga waje, ya farka bai gan ta ba ya biyo sawu. Nan take na ji naman da ke ƙarƙashin yatsuna ya ƙame kamar itace. Jijiyar hannun tana bugawa da sauri har ina ji. Amma a fuska murmushi ta yi, ta yunƙura za ta tashi ta tarye shi da karyayyen hannu, tana cewa, "Baba, sannu da zuwa."

A nan na gane. Ko Baba bai kai ga gaya min ba, ko ya gaya min ina tunanin loma: yaron da ya fi jin tsoro shi ya fi saurin zuwa in an kira shi. Ba zaɓa Dije ta yi ba ranar nan, kiranta aka yi. Mutum ɗaya take da shi a gidan nan, ni kuma da bakina na raba ta da shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don in wani abu ya sami yarinyar nan a ɗakin nan, da hannuna a ciki.

Na ɗaure hannun, na ce Maman Rifkatu ta shiga da ita wurin Goggo. Masu jira na ba su haƙuri na ce su dawo da la'asar. Na tura ƙyauren zaure, muka rage mu biyu.

Na ce, "Kofur, na yi wa matarka ƙage kana zaune, ka bar ni."

Ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Malam, wallahi in aka tashe ni daga barci ban san inda nake ba. Sai in ga kamar ina can bakin daga. Sai da na ji ƙashi ya yi ƙara sannan na ga Dije ce."

"To sakin fa?"

"Duk tasha ana cewa maɗori ya ce ita ce. In na bar ta a ɗaki, a ce me ya hana ni. In na ce ba ita ba ce, a ce to wane ne."

Ban yi masa faɗa ba, faɗan da na yi na farko ya ishe ni. Na ce gobe da safe zan kai Dije wurin uwarta da kaina. Wanda ya tambaye shi ya ce maɗori ne ya ce ƙashin nan ba zai haɗu ba sai da jinyar uwa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Na ce zan gaya wa dangin Habiba ba ita ba ce.

"Za ka ce ni ne?"

"Ba sai na faɗa ba. Ku nawa ne a ɗakin?"

Ya ce 'ya ai ta uba ce, ba a taɓa yi a danginsu ba. Na ce to, in haka ne daga nan gidan mai unguwa za ni, daga can sai gaban alƙali, kuma da yarinyar zan je, duk mai yatsu ya shafa haƙarƙarinta ya ji. Sai ya ce in kai ta. Na ƙara masa da cewa akwai ɗakin majinyata a bayan gidan nan, ba kowa da rana, in yana so ya riƙa zuwa yana barcinsa inda ba yaron da zai yar da kwano. A ranar bai amsa ba. Bayan kamar wata guda sai ga shi da tabarmarsa, kuma ya fi shekara biyu yana zuwa, ba mai tashinsa sai da doguwar sanda daga bakin ƙofa.

Dije ta kwana wurin Goggo. Da safe ni da Dije muka shiga akori-kurar 'yan kasuwa mai bin hanyar Dukku. Hanyar ba kwalta a inda za mu ratse, ramuka ne da tsakuwa, ga ƙashin jiya-jiya na mayar da shi. Don kada girgizar mota ta sake gusar da shi, kafin mu fita na ƙara jan zaren na tamke sosai. Na zaunar da ita a gefena, hannun a kan cinyata. Sau biyu a hanya na tambaye ta ko yana ciwo, ta ce a'a. Muka sauka rana ta take, muka taka da ƙafa kusan mil biyu, ni kuma duk hankalina yana kan jawabin da zan yi, ina ta jera shi a kaina.

Ƙauyen gida bakwai ne ko takwas, 'yan shanun da fari ya bari suna kwance ƙashi da fata. Muka tarar da yayan Habiba, wani mai suna Buba, da dattawa biyu a gindin tsamiya. Da na faɗi ko ni wane ne, gaisuwar ta yi gajarta. Aka dai shimfiɗa min tabarma. Jim kaɗan Habiba ta fito daga bayan zana da ƙwaryar ruwa, ta durƙusa ta ajiye a gabana, fuskarta a gefe. Dije tana tsaye kusa da ni. Kwana biyar rabonsu da juna, amma uwar ba ta ce mata ci kanki ba, ita ma yarinyar ƙasa take kallo.

Na gyara murya na fara, "Dalilin zuwana..."

Sai Habiba, tana shirin tashi, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, ba da ni ba, da yayanta. Buba ya dube ni ya ce, "Ta ce a gaya wa baƙo ya duba yatsun wadda ya zo da ita."

Na duba. Yatsun sun kumbura sun yi sumul, farcen ya yi duhu. Na taɓa na ji su da sanyi cikin wannan rana. Na matsa na ce, "Kina ji?" Ta ce, "A'a." Ku da kuke cewa a naɗe da tsumma, ku ji da kyau: ɗaurin da ya matse yana tsare jini, in ya yini ya kwana a haka hannu mutuwa yake yi, sai dai a kai asibiti a yanke. Abin da ke ceton maɗori shi ne kuka. Kowane yaro in ɗauri ya matse shi zai ishe ka da ihu har ka kwance. Wannan kuwa an riga an koya mata cewa kuka yana tashin mai barci.

Na zaro wuƙa na yanke zaren, na zubar da karan a ƙasa. Na ce a kawo man shanu, a gidan Fulani ko da fari ba a rasa ɗan kaɗan. Na sa Buba ya riƙe damtsen kada ya motsa, na ɗaga hannun sama ina murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina duk addu'ar da na sani. Mun daɗe a haka. Sannu a hankali farcen ya fara washewa, ɗumi ya dawo tafin hannun. Dawowar jini akwai zafi kamar ana soka allura, sai ga Dije ta buɗe baki ta fashe da kuka. Sau biyu na ja karyayyen ƙashinta ban ji kukanta ba sai ranar.

Awa uku hannun nan yana kan cinyata a mota, ni mai shekara goma sha biyar a sana'a ban gani ba. Matar da na ce ba ta kallon 'yarta, tsakanin ajiye ƙwarya da miƙewa ta gani da wutsiyar ido.

Na sake ɗaurewa sako-sako yadda yatsa zai shiga ƙarƙashi. Jawabin da na jera a hanya duk ya zube. Hannuna da maiƙo na ce wa dattawan nan, da ƙarfi yadda za a ji a bayan zana, "Ni ne na ce Habiba ta karya 'yarta. Ƙarya na yi, ba ita ba ce. Ita ce ma ke tsare ta. A roƙa min ita gafara, kuma in na koma Bolari zan faɗa a tasha inda maganar ta fara." Ɗaya daga cikin dattawan ya yi wata magana da Fulatanci, ba a fassara min ba, ban kuma nemi a fassara ba. Buba ya ce aure dai ya ƙare, yarinya kuma ta zo ke nan. Haka kuwa aka yi, a can ta girma.

Habiba ta riga ta koma ciki. Dije tana ta kuka, ta bi ta bayan zanan. Ban ga abin da ya faru a can ba, kuma ba hurumina ba ne. Na dai ji kukan yana dusashewa kamar an kifa fuskar a jikin zane. Buba ya tashi ya shiga da saƙona, ya jima, ya fito. Na zuba ido ina jiran in ji ko an yafe.

Ya ce, "Ta ce yaushe za a sake kwancewa?"

Na ce bayan kwana bakwai, kuma ba sai an kai ta Gombe ba, ni zan zo. Sau biyar na hau motar nan kafin ƙashin ya haɗu. Duk zuwa, kafin in taɓa hannun, sai in aika ciki a tambayo min uwar abin da ta gani.